Kalmar da Na Faɗa Kafin Ranarta

Jama'a, a cikinku wa ya taɓa gaida mara lafiya wata bakwai, bai amsa masa ko sau ɗaya ba? Kai, ku yi haƙuri, na fara ta baya. Shugaban wannan taro, Fasto Rante, dattawan ƙabilar Toraja da ke zaune ƙarƙashin rumbunan shinkafa, surukina Ambe' Tandi, iyaye mata masu girki tun asuba, baƙi na kusa da na nesa, ina gaishe ku duka. Sunana Wempi, mutumin tsibirin Ambon, mijin Ludia. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran karatuna a jirgin kamun kifi na yi shi. Na gode da kuka bar ni in yi magana a jana'izar kakarmu Ne' Sampe.

Abu na farko. Ranar da tsohon makanikin jirginmu ya rasu a tsakiyar teku, kukunmu ɗan Filifin ya ce "patay", ɗan Madagaska ya ce "maty", ɗan Fiji ya ce "mate", ni kuma na ce "mati", duk ma'anarsu "ya mutu". Muka tsaya muna kallon juna! Mutanen da ko ruwan sha ba ma iya roƙon juna sai da nuni, ga mu da kalma ɗaya a baki. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na ce ashe kakanninmu ɗaya, ashe wannan kalma ta kowa ce, a ko'ina za ka iya faɗinta.

Da wannan tunanin na shigo gidanku. Ranar da na iso, Ludia ta ba ni kofi da shinkafa, ta ce, "Kai wa Ne' Sampe, ba ta da lafiya." Na shiga, na durƙusa, na gaida ta, na leƙa. Na fito da gudu, na ce wa Ambe' Tandi a gaban baƙinsa, "Ambe', ai ta mutu!"

 Ambe' Tandi ya ajiye tabarsa ya ce, "Uwata tana kwance. Kai ne likita?" Ludia ta ja ni bayan gida ta ce, "Wai kai kifi ne ya rene ka? A al'adarmu gawa tana zama a gida a matsayin mara lafiya har ranar jana'iza, ba a faɗin wannan sai ranar da aka yanka ɓauna ta farko ta faɗi!" Tun daga ranar surukina bai sake kiran sunana ba. Aka lissafa mazan gida da za su ja ɓaunaye zuwa fili, babu ni. Na san ma'anar wannan: baƙo ne ni, ba ɗa ba.

Abu na biyu, ban gane ba, amma ban daina kai kofin ba. Kullum safe in ce, "Ne', ga Wempi, an yi ruwa jiya." Na gaya mata kewar uwata, na gaya mata Ludia na da ciki kafin kowa ya ji. Har na tambayi Ludia me ya sa za a kashe ɓaunaye da yawa haka, ta ce, "Kashewa? Rakiya ce, sakarai. Kana so tsohuwa ta yi wannan tafiyar ta lahira a ƙafa?" Yau da safe na kai kofi aka ce ba sauran kai kofi, sai na ji hawaye. A jirgi mun faɗi kalmar nan cikin minti ɗaya, muka koma jan raga. Ku kun ba mutum lokaci.

Saboda haka, Ambe', a gaban jama'a ina roƙonka ka yafe mini. Ba raini ba ne, rashin sani ne. Allah ya ba Ne' Sampe hanya mai sauƙi, Allah ya mai da kowane baƙo gida lafiya, Allah ya…

Na'am? Ambe', ni kake kira? Igiyar ɓauna ta farko? Jama'a, kun ji, sunana ya kira, Wempi! Ban taɓa jan ko akuya ba, ku yi mini addu'a. Fasto, riƙe wannan makirufon. Dole in tafi yanzu. Na gode!