Mabuɗin Ƙofar Ruwa Yana Aljihuna

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Mainasara, wakilin Hakimi, malamaina da iyayena, manoman albasa na Rimawa da baƙinmu na Kagara, matasa da kunka cika bayan rumfa kuna hararata, ina gaishe ku duka. Na gode da kunka ba ni dama, ni Lauwali, mai riƙon mabuɗin ƙofar ruwan fadamarmu shekara tara.

Mun taru kan takardar da na rubuta da hannuna, inda na roƙi a rufe gidan gem na Mujaheed, wurin da yara ka wasan ƙwallo a talabijin, tun sabuwar na'urar wasa ba ta iso ba. Magana ukku gare ni.

Ta farko, abin da matasa ka fata. Sun ce wata mai kamawa za a fito da ita a ƙasashen waje, kuma Mujaheed ya sa suna wurin wani ɗan kasuwa a Sakkwato. Sun ce 'yan ƙwallon cikinta har zufa sukai, har ciyawar fili tana motsi. Da na ji, dariya na yi, na ce mu nan zufa kyauta ta, kowa ya zo fadama ya ɗiba.

Ta biyu, abin da iyaye ka tsoro. Tsohuwar ma ta hana yara karatu, ta hana su gona, to ina ga sabuwa? Wanga tsoro gaskiya na, kuma ba ni janye shi.

Ta ukku ita ad da nauyi. Kun san ran Talatar da ruwa ya ci irin albasar Malam Iliyasu, kwamin shuka har sittin. Kun san an ce ɗansa Shafi'u ya bar gona ya tafi gem. Mahaifinsa ya daina amsa gaisuwarsa, ni kuma na sa labarin cikin takardata don ta yi ƙarfi.

Jama'a, a wannan ranar da hantsi ni na buɗe ƙofar ruwa, na kulle ta a buɗe kamar yadda munka saba don kada wani ya karkatar, na ce sa'a guda in dawo. Sai na biya gidan gem in ga ɓarna da idona. Mujaheed ya tarbe ni da ladabi, ya miƙo mani abin dannawa, ya ce, "Baba, kafin ka yanke hukunci, ɗan taɓa." Na ce, "Mi zan taɓa cikin shiririta?" Na taɓa.

Ni da furfura, ni da jikoki huɗu, ni da ka yi wa matasa faɗa bayan sallar Juma'a, ban ɗaga kai ba sai da anka kira azahar. Kuma ba wai na iya ba. Tara anka ci ni, biyu ni na zura wa kaina.

Shi kuwa Shafi'u shina gona. Ya ga ruwa ya hau, ƙofa na kulle, mabuɗi na aljihuna. Ya neme ni gida, ya neme ni kasuwa, ya neme ni masallaci. Wuri guda bai leƙa ba, don ya ɗauke ni mutumin kirki. Anka gan shi yana gudu ta bakin gidan gem, magana ta tashi. Mujaheed ya rufa mani asiri, ni kuma na saka mashi da takardar rufe shagonsa. Sati ukku ina jin kunya tana cin raina.

Don haka ina roƙo. A yaga takardata. Sabuwar na'ura ta zo, amma a sa mata lokaci: ban da lokacin makaranta, ban da lokacin sallah, ban da lokacin ban ruwa, kuma a rubuta a ƙofa cewa dokar ta haɗa da dattawa. Ga mabuɗi na aje gaban shugaba, a ba wanda ya tsaya gona.

Malam Iliyasu, irin da ke gonata naka na. Ni ka daina amsa gaisuwata in ka so, na cancanta. Amma ɗanka ga shi can tsaye, ka dube shi.

Allah Ya shirya mana yaranmu, Ya shirya iyayensu, Ya sa albarka ga ruwanmu da albasarmu, Ya kai kowa gida lafiya. Na gode.