Jirin Mama da Rigakafin Jikanta

Barka da hantsi, Anti mai gabatar da shirin lafiya. Sunana Rifkatu daga Kamazou, bana na gama jami'a.

Mahaifiyata ta yi allurar rigakafi ranar Talata, ranar Alhamis jiri ya kwantar da ita. Maƙwabciyarmu Mama Ngozi ta ce, "Ai na faɗa miki, allurar nan ce." Nan take mahaifiyata ta rantse ba za a yi wa jikanta tasa ba. Hankalina ya tashi, don ni na matsa mata ta je.

Sai na riƙa rubuta duk lokacin da jirin ya zo. Na lura idan ta juya kai hagu a kan filo yake kama ta, kuma ba ya cika minti ɗaya. Da na kai ta asibiti, likita ya karanta takardata, ya ce wasu kan ji jiri bayan allura, amma nata ƙananan ƙwayoyin cikin kunne ne suka goce. Ya kwantar da ita, ya jujjuya mata kai, ta miƙe garau.

Jiya da kanta ta goya jikan zuwa rigakafi, Mama Ngozi na riƙe musu lema. A gaishe mini da su, Anti, ga su nan kusa da rediyo.