Akwati Mai Ƙahoni

A tashar Batsari, Malam Mamman ya ƙura wa akwatin baƙon da ke gefensa ido.

"Saurayi, wannan mai ƙahonin fa?"

"Rauta ce, Baba. Za ta haɗa injinanmu na Runka da ofishinmu na Katsina ta intanet."

"Ƙananan na shago ba su yi muku ba?"

"Waɗancan kowa na iya kutsawa. Wannan ba ta amsa wa kowa sai wanda ta sani. Ni kuwa Baba, ina sabis ya fi ƙarfi a Runka?"

Malam Mamman, mutumin Runka ne, ya janyo buhunsa. Bara wani ya yi wannan tambayar, bayan tafiyarsa ɓarayi suka kore shanun garin.

"Ni ma irin akwatin naka ne, ba na amsa wa sai wanda na sani. Ɗan gidan wa kake?"