Harbin Farko Na Igiya Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Haladu; wakilin Hakimi, ranka ya daɗe; iyayenmu dagatai da masu unguwanni; Liman, Allah ya gafarta malam; Sarkin Baka, Baba Maikuɗi, da maharban da ke zaune bayansa; Saje Iliyasu, wanda ya dawo daga yaƙi ya tara samarinmu yana koya musu saiti; baƙinmu da suka taso tun daga Birnin Kudu; 'yan'uwana mata da ke can gefen zana; jama'ar Gwaram manya da yara, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Kubra, matar Malam Sada na Kwandiko, kuma da izininsa na tsaya a nan. In kun ji ina tafiya a hankali a kan takardar nan, ku yi mini haƙuri. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma abin da ke ciki da hannuna na rubuta shi, ba wanda ya shifta mini.

Ina godiya ga hukuma da ta ba wannan ƙungiya ta samari izinin koyon harbi a fili, a gaban manya, maimakon a ɓoye a bayan gari. Ina godiya ga Saje Iliyasu, domin tun da ya kama yaran nan sun daina zaman banza a tasha, kuma muna sa ran wasunsu za su sami shiga soja ko ɗan sanda da abin da suka koya. Ina godiya ga duk wanda ya sa hannu a aljihu, da matan da suka sayar da gyaɗarsu da kajinsu don a saya wa ƙungiya ƙaramar bindiga ta koyo.

An ce in zo in yi godiya a madadin iyaye mata. To, na yi. Saura maganar da ba a sa ni ba.

Jama'a, ga abin da ake ciki, don wanda bai sani ba. An kawo wa kwamitin ƙungiya zaɓi biyu. Akwai ƙaramar bindiga ta kanti, mai ƙaramin harsashi, wadda aka ƙera don koyon saiti, daga shagon da ke da lasin a Kano. Abin da aka tara guda ɗaya tak zai saya. Akwai kuma waɗanda wani ɗan kasuwa, Ɗanbala, ya zo da su cikin buhu, ya ce da wannan kuɗin zai ba da huɗu. Kwamiti ya ga huɗu, ya ga ɗaya, ya ce huɗu. Sannan aka yanke cewa ranar buɗe fili, a gaban Hakimi da makaɗa, yaron da ya fi kowa saiti da bindigar iska shi za a girmama da harbin farko. Yaron nan na gidana ne. Ɗan farina ne.

An aiko mana da goro gida, an ce albishir.

Maganata ta farko a kan araha ce. Ni ba mai ƙin araha ba ce. Duk macen da ke nan ta san ni a kasuwar Gwaram, ba a gama ciniki da ni sai mai kaya ya gaji. Amma akwai abin da in ya lalace sai ka jefar ka sayi wani, akwai kuma abin da in ya lalace da kai yake tafiya. Tukunya in ta fashe, miya ce ta zube. Fitila in ta ƙi, duhu ne kawai. Bindiga fa? Bindiga in ta fashe, a tafin hannu take fashewa, kusa da fuska, kusa da ido. Kun ce huɗu sun fi ɗaya don kada yara su yi ta jira. Mu a unguwarmu rijiya ɗaya ce, kuma layi muke bi, ba wadda ta mutu don ta jira. Ku sayi guda ɗaya mai kyau, su bi layi. Wanda ba zai iya jiran layi ba, da ma bai kamata a ba shi bindiga ba.

Maganata ta biyu a kan suna ce. Tun da na koyi karatu na kamu da wata ɗabi'a: duk abin da na ɗauka sai na juya shi na ga abin da aka rubuta. Gwangwanin madara yana da suna. Ashana tana da suna. Keken maigidana yana da suna da lamba. Duk mai yin abin kirki yana sa sunansa a jiki, don in abin ya ɓaci a san ƙofar da za a buga. Shekaranjiya na roƙi Malam Sada ya raka ni zauren Saje, na ɗauki bindigogin nan ɗaya bayan ɗaya, na juya gaba, na juya baya. Babu suna, babu lamba, ko harafi ɗaya babu. Sai baƙin fenti mai ƙyalli, har yana kama yatsa.

Ɗanbala yana zaune yana kallona, ya yi dariya ya ce, "Inna, ke da kika saba da ludayi, me ya haɗa ki da bindiga?"

Na ce, "Ludayin ma sai na ɗaga shi a rana na ga bai tsage ba. Wa ya ƙera su?"

Ya ce, "Wani gwani ne, can nesa."

Na ce, "Ka taɓa harba ko guda?"

Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Inna! Sababbi ne dal. Wallahi ko yatsa bai taɓa kunamarsu ba."

Jama'a, yabo yake yi! Yana yaba mini su kamar mai sayar da atamfa, wai ba a taɓa ɗaurawa ba. Kuma kwamiti ma haka ya ɗauka: sabon abu ne, a ba yaron kirki ya fara, kamar rigar Salla. Nan ne kuka yi kuskure, kuma nan ne raina ya ɓaci.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, kuma Baba Maikuɗi, da kai nake, cikin ladabi. Ni 'yar maharbi ce. A gidan ubana na tashi ina jin warin albarushi. Kai ka sani, maharban da ke bayanka sun sani, tun kakanni ba a ba hannun mutum harbin farko. In maƙeri ya gama bindiga, sai a kai ta bayan gari, a ɗaure ta tam a jikin itace, a ƙulla doguwar igiya a kunama, kowa ya koma bayan tudu, maƙerin da kansa ya ja. A sake ɗurawa, a sake ja. In ta jure, sannan a miƙa wa mai ita. In ta fashe, itace ya ji ciwo, a koma gida lafiya. Harbin farko ba girma ba ne, gwaji ne. Shi ya sa ake ba igiya.

Sau ɗaya na ga an tsallake wannan a gidanmu. Wana Barau ya karɓo sabuwar bindiga ranar da za a fita farauta, ana ta kiɗa, abokansa suna kiransa, ya ce ba lokacin ɗaure-ɗaure. Ga shi can zaune a gindin darbejiya. Yaya Barau, yi haƙuri, ɗaga musu hannunka na dama su gani. Ni na riƙa ba shi tuwo a baki har damina ta wuce, ni da nake ƙanwarsa. Har yau wani ke ɗaure masa kaya a keke.

To, Baba, kana zaune a kwamitin nan aka yanke magana. Na san dalilin shirunka. An ce wannan ta zamani ce, ta soja ce, ba irin taku ta toka ba, sai ka ji nauyin sa baki gaban masu kaki. Saje kuma ya saba da bindigar gwamnati, wadda tun kafin ta zo hannunsa an gwada ta, sai ya ɗauka kowace haka take. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa, aka bar wa ɗana. Ƙarfe bai san zamani ba, Baba. Ƙarfen da bai nuna ba, ko wane irin fenti aka shafa masa, fashewa zai yi.

Ga abin da nake roƙo. A mayar wa Ɗanbala buhunsa, a je Kano a sayo guda ɗaya mai suna, mai lamba, mai takardar izini, wadda in wani abu ya lalace a jikinta akwai inda za a kai ta. Ta zauna a kulle wurin Saje, kada ta kwana a ɗakin kowane yaro. In kuwa kwamiti ya nace sai na cikin buhu, to ga wannan. Igiyar gugana ce, da safen nan na kwance ta, na ajiye ta nan gabanka, Alhaji. Ga tsamiya can bayan makaranta. A ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, Ɗanbala ya ja da hannunsa, yau, muna kallo. In ya yarda da kayansa, ba abin da zai rage shi. In ya ƙi ja da igiya daga nesa, ku gaya mini da wane ido za ku miƙa wa ɗan wani ya riƙe a tafinsa.

Da zan fito, yaron ya tare ni a ƙofa ya ce, "Inna, don Allah kada ki kunyata ni gaban abokaina. Za su ce tsoro na ji." Na wuce shi na fito, don ba mu saba doguwar magana da shi ba. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaka, balle a gaban maza. Na riƙe wannan kunya shekara da shekaru, kuma da ita na so in shiga kabari. Amma na gwammace a ce Kubra ba ta da kunya, da in koma ba wani tuwo a baki.

Hadi. Da kai nake, Hadi. Ba kai ka ji tsoro ba, ni ce na ji, kuma kowa ya shaida. Hannunka ba zai taɓa bindigar nan ba sai igiya ta riga ka.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon gyara abin da suka yanke. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya bar su da idanunsu da yatsunsu, ya sa abin da suke koyo ya zama na tsaron jama'a. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.