Kifi Takwas na Malam Bot

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan taro, Mai Unguwa Abdulƙadir, ranka ya daɗe. Limaminmu Malam Datti, wanda ya rubuta mini allo da hannun dama, ya riƙe mini bulala da na hagu, Allah ya gafarta Malam. Fasto Zechariah da jama'ar coci, barkanku da zuwa. Alhaji Abdulnasir da tawagarsa da suka taso tun daga Kabo, da 'yan'uwanmu na Madadi da Lakwaya, sannunku da hanya. Iyayenmu mata da ke cikin gida a kan tukwane, sannunku da hayaƙi. Sai uban taro, wanda dominsa aka shimfiɗa tabarmin nan don murnar ya samu sauƙi, babanmu Malam Bot, Allah ya ƙara lafiya.

Ina godiya ga matasan unguwa da suka ba ni wannan dama, ko da yake na san sun ba ni ne don su ga yadda zan ƙare. Sunana Ja'afar mai gilashi. Na ga wasu dattawa sun fara laluben gefen rigunansu, ko na ɗaure musu da ƙafar kujera. Ku kwantar da hankalinku, yau da roƙo na zo.

Kowa ya san Malam ya baro Filato yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyar da kimiyya a garin nan na Gwarzo. Ni ban zauna ajinsa ba, ta taga na san shi, ranar da ya kama ni ina kwaikwayon tafiyarsa, ya ce in sake, ban iya ɗingishin ba. Kowa kuma ya san bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, harshensa ya yi nauyi, likita ya ce lallai ya riƙa magana kullum. To da wa zai yi? Mama, matarsa, ta rasu, 'yarsa Pamela tana aiki a Kano, sai ƙarshen mako take zuwa. Ita ce ta sa na haɗa masa ɗan gidan kifi na gilashi, mai cin ruwa jarka biyu. Muka je wurin Goodluck, mai sayar da kifin ado a Sabon Gari, ya ba mu ƙananan nan masu wutsiya kamar mafici guda takwas. Malam ya raɗa musu sunayen ɗalibansa, kullum da safe ya jawo kujera ya yi kiran suna: "Haidar! Maijidda! Sa'ada!" Da haka harshen ya fara sakewa, har ga shi ɗazu ya gaishe ku da bakinsa.

Mu kuwa ba mu zuwa duba mara lafiya hannu rabbana. Da madara ake kaiwa da lemo. Da labari ya bazu cewa Malam kifi yake so, sai kowa ya koma kifi. Wannan ya zo da nasa a bokiti, wancan a leda, wani ma a buta. Alheri ne, wallahi alheri ne, amma a kansa nake da magana uku.

Ta farko, ruwa yana da iyakar abin da yake ɗauka. Ranar da Goodluck ya ba mu kifin nan na ce, "Oga, ƙara mana mana, gidan kamar ba kowa." Ya ce, "Mai gilashi, takwas ɗin nan su ne iyaka. Kifi a ruwan yake shan iska, a ruwan yake ci, a ruwan yake kashi. Kuma waɗannan haihuwa suke yi, ka bar wa 'ya'ya wuri." Jama'a, mai saye yana cewa a ƙara, mai sayarwa yana cewa a'a, kun san maganar ta kai magana. Watan jiya na leƙa, na tarar ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa, kifi sun yi cincirindo kamar motar kasuwar Getso. Wuta na ɗaukewa, ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya, sai ka ga duk sun taso sama baki buɗe. Wani bawan Allah da ke zaune nan ya ce, "Kai, dubi yadda suke gaishe da Malam!" Ba gaisuwa ba ce, Baba, numfashi suke nema.

Ta biyu, ba kowane kifi ke zama da kowane ba. Karfasa mafaɗaciya ce, ta tone tsakuwa, ta kori kowa lungu. Jan nan mai ruwan gwal kyakkyawa ne, amma ci gare shi da ɓata ruwa, in ya girma shi kaɗai ma gidan ya yi masa kaɗan. Sai uwa uba tarwaɗa. Alhaji Abdulnasir, ka yafe mini, Allah ya san da zuciya ɗaya ka kawo ta daga tafkinka, 'yar mitsitsiya kamar yatsa, ka ce, "Wannan ba ta da fitina." Alhaji, ta girma. Dokar ruwa kuwa guda ce: duk wanda ya shiga bakin wani, abincinsa ne. Tarwaɗar Alhaji ta haɗiye Haidar. Ta haɗiye Maijidda. Haidar na gaskiya, ga ka can kana dariya da hular banki, ka sani an yi makokinka a ɗakin nan. Cikin takwas saura uku. Malam yana kiran sunaye biyar da safe, ba wanda ke juyowa, kuma Pamela ta ce mini kwanan nan ya fara barin kiran.

Ta uku ita ce ta tsayar da ni a gabanku. Na ce wa Malam, "Baba, kai fa ka fi ni sanin wannan, kimiyya ka koyar, ni gilashi kawai na yanka. Me ya hana ka ce musu ya isa?" Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Jafaru, wanda ya kawo madara a bakin ƙofa yake ajiyewa ya tafi. Wanda ya kawo kifi yakan zauna ya ga yadda yake iyo, jibi ya dawo duba shi. In na ce ya isa, me zai kawo su?" Ya ce kada in faɗa wa kowa. Baba, ka yi haƙuri, duk garin nan an san ba a ba ni ajiyar magana, kai ne ka yi ganganci.

Jama'a, mutumin nan ya zaɓi ya rasa kifinsa da ya rasa mu. Ya koyar da 'ya'yanmu, ya zauna makokinmu, ya ci tuwon sallarmu, mun ci shinkafar Kirsimetinsa, amma yana zaton sai da dalili za mu taka ƙofarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zumunci a ƙafa yake, ba a bokiti ba.

Na ga bokitan da aka jera a zaure yau ma. Kada kowa ya tashi neman kifinsa. Ƙananan ciki suna cikin baho a bayan gida, Alhaji zai koma da su tafkinsa. Masu ruwan gwal da suka cika gidan, Pamela za ta mayar wa Goodluck ya ba mu cikon 'yan ajin Malam, su koma takwas. Manyan kuwa, da tarwaɗar da ta ci Haidar, ai kun ji ƙamshin da ke fitowa daga cikin gida tun ɗazu. Shi ya sa na ja gaisuwa da tsawo, ina jiran farfesu ya nuna. Haidar, kai za a fara zuba wa, ka rama.

Roƙona shi ne, gidan gilashin nan kifi takwas yake ɗauka, amma ɗakin Malam na auna shi da idona, yana ɗaukar duk wanda ya zo. Ku zo hannu rabbana. In kunya ta hana ku, ku ce kun zo taya shi rage ruwan gidan ne, kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, a zuba sabo. Ku kuma ɗalibansa, ku riƙa zuwa da safe lokacin kiran suna. Kifi ba ya amsawa, ku kuna da baki.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya sake masa harshensa sarai, ko da a kaina zai fara gwada shi. Allah ya yi wa Pamela albarka. Allah ya saka wa duk wanda ya ɗauko bokiti da alheri, ya ba shi ladan niyyarsa. Allah ya zaunar da mu lafiya da juna, kada babbanmu ya haɗiye ƙaraminmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma dawo da shi ƙofar nan gobe.

Na gode.