Takalman Yaron Atocha

A tashar motar garin Fresnillo, Eduviges na rungume da sababbin takalman yara, tana jiran motar cocin Plateros. Wani tsoho mai malafa ya leƙo.

"Na jika ne, Mama?"

"Na Yaro Mai Tsarki ne, na Atocha, wanda ke zaune a cocin. Yakan sauka daga kujerarsa ya kai wa 'yan kurkuku burodi da ruwa, shi ya sa takalmansa ke cinyewa."

Tsohon ya yi dariya. "Mutum-mutumi ke yawo? Ai ɓeraye ne ke gaigayarsu."

"Ɓerayen ne ke shafa musu laka? Kakata ta gani da idonta. Ɗana Crispín wata bakwai yana tsare, an hana ni ganinsa. Zan aiki wanda ba a tarewa a ƙofa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni ma na kai masa takalma, shekara uku ke nan. Nawa ɗan, ko inda yake ban sani ba."

Motar ta tsaya, Eduviges ta miƙe.

"Tashi, Baba. Shekara uku Yaron yana yawon neman ɗanka, ai waɗancan sun cinye tuni. Ya sunansa?"

"Abundio."

"Riƙe ƙafa ɗaya, mu tafi."