Akori-kura Mai Tari

"Mama, me ya sa motar mutumin nan take tari?" in ji 'yata, muna jira a tasha.

Direban akori-kurar mai tarin ya ji. Ya harari wata tsohuwar akori-kura da ta tashi nan take, ya ce wa mai ita:

"Malam, taka ko fenti babu, amma ita ake ba kaya. Tawa kullum sai turi."

"Ka duba fulogi?"

"Sababbi ne."

"Kana wanke injin?"

"Kowace safiya, da bokiti! Ya fi naka ƙyalli."

"Ya fi kam. Ruwan ne ke jiƙa wayoyin wuta."

"To in bar shi da datti kamar naka?"

Iyaye mata, kada ƙyalli ya sa ku ɗora yaranku a mota. Ku ji tashinta tukuna.